Hannun da Ba Ya Juya Karta

Makau, bayan bikin Tin Hau, uwargijiyar teku

Goggo ta Uku,

Gaisuwa mai yawa daga 'yarki Sui-lin. Ina fata takardar nan ta same ki kin ci shinkafa kin ƙoshi, gwiwar hagun nan kuma tana barin ki barci. Na haɗo miki da man zafi. A gwiwa za ki shafa, kada ki rabar wa matan tashar jiragen ruwa kamar na bara. Na so in buga miki waya ranar biki, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon, ina ihu a Makau kina ihu a Zhapo, ba wadda ta ji wata. Injin jirgi ya gama da kunnuwanki, gara mu tsaya a takarda.

Ni lafiyata ƙalau. Ina nan a shagon busasshen kifi, ina awo ina ƙullawa daga safe zuwa yamma. Yanzu ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran.

Ranar hutuna ina zuwa wasan poka. Na san abin da za ki ce, ki bari in gama. Ba irin teburan nan ba ne da mutum ke zuba kuɗi ya rufe ido. A nan da mutane ake karawa. Ana ba kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya sannu a hankali, kowa yana tura kwabban roba gwargwadon yadda ya yarda da abin da ke hannunsa, ko yadda yake so a zaci ya yarda. Wanda ya ji tsoro sai ya tura kartarsa a rufe, ya fita. In an kai ƙarshe da sauran mutum biyu, kowa ya juya tasa a gani.

Da za ki ga wurin, Goggo. An zana sama a rufinsa, har da gajimare, kuma kullum tana nan a la'asar. Ba iska, ba agogo. Wani lokaci in na daɗe a zaune sai in ji teburin yana lilo a hankali, koren ƙyallensa ya koma ruwan bayan tsibirinmu, in ji kamar in na miƙa hannu zan taɓa igiyar koma.

Akwai wani dattijo, Sifu Tou, da can malamin lissafi ne. Shi ya ga ina tsayawa kallo ya ja ni jiki. Ya ce ina da abin da ba a koyarwa, wato in zauna shiru ban gundura ba. Na ce masa yarinyar da ta tashi tana jiran ƙugiya ta motsa ai zama ba ya ba ta tsoro. Ya ce in na dage zai sa ni a babbar gasar da ake yi bayan bikin wata. Wanda ya taka rawar gani a can, masu kuɗi kan ɗauke shi ya riƙa yi musu wasa. Ni kuwa na gaji da warin gishiri a gashina.

Sai ga abin kunyar da na yi. Ina riƙe da sarakuna biyu, na uku ya faɗo a tsakiya. Muka ja da wani mai zoben zinare har ƙarshe. Mai rabon karta ya ce a buɗe. Goggo, hannuna ya ƙi. Kin san ba mu juya kifi a faranti, ba mu ajiye kwano baki ƙasa, ko cokali, don kada jirgi ma ya yi haka a teku. Ban ma yi tunani ba, sai kawai na tura masa kartar a rufe don ya buɗe da kansa, yadda nake tura miki faranti. Shi kuma ya share ta cikin tarin waɗanda aka zubar, don a wurinsu wanda ya tura a rufe ya sallama ke nan. Mai zobe ya kwashe komai da wasu 'yan kartar banza. Da Sifu ya ji abin da na zubar, sai da ya cire tabarau ya goge.

Ki gaishe min da jirginmu. Har yanzu idanunsa na buƙatar fenti?

'Yarki,
Sui-lin

*

Zhapo, watan huɗu

Jatan Lande,

Takardarki ta zo, man zafi ya zo. Ina lafiya. Gwiwa tana nan tana gaya min ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Kin ce lafiyarki ƙalau, amma rubutunki ya rame.

To, caca. Na zauna kamar yadda kika ce, na karanta, na tashi na zuba shayi, na sake karantawa. Ki kira ta poka ko ki sa mata sunan gimbiya, caca ce. Amma ni da na kwashe shekaru ina jefa koma cikin ruwan da ban ga ƙasansa ba, ba ni da bakin yi miki dogon faɗa. Abu ɗaya na roƙe ki, kuɗin shinkafarki kada ya hau teburin nan.

Na yi dariya a kan mai zobe har maƙwabciyata ta leƙo daga jirginta. Amma hannunki bai yi laifi ba. Hannun nan ni na raine shi. Tun ranar da ubanki ya fita a wani jirgi bai dawo ba na ɗauke ki, kuma duk lokacin da kika kai tsinken cin abinci za ki yi wa kifi abin nan da ba mu faɗa, na buge shi. Ga shi ya girma ya san gidansu. Mu in mun cinye gefe ɗaya sai mu ɗaga ƙaya mu ci na ƙasa. Ki tambayi malamin naki ko kartar ba ta da ƙayar da ake ɗagawa.

An shiga hutun teku, hukuma ta ɗaure mu a tasha har ƙarshen damina. Na yi wa jirgi fenti. Idanunsa sun fito fes, baƙi cikin fari, suna kallon ƙasa inda kifi yake, yadda ubanki ya fara zana su. Da yamma nakan kwanta a gabansa in ji ruwa yana lasar katako, in yi ta kallon fitilun sauran jirage suna rawa a cikin ruwa har in manta ban dafa komai ba. Saman da kika ce an zana muku, tsuntsu yana wucewa ta cikinta?

Ki riƙa shan miya mai zafi. Sanyin injin waɗannan gidaje ba ya da kyau ga mace.

Goggonki ta Uku,
Tai-hei

*

Makau, bayan tseren jiragen dodo

Goggo ta Uku,

Ina gaishe ki da kewa. Na ji daɗi da gwiwa ba ta ƙaru ba. Ina shan miya, kuma ban rame ba, alƙalamin ne siriri. Tsuntsu ba ya wucewa ta samanmu, amma ran nan wani balan-balan ɗin yara ya kuɓuce ya je ya manne a jikin gajimare, ya kwana biyu a can.

Wasan yana shiga jikina. Sifu ya koya min cewa yawancin kartar da za a ba ni ta zubarwa ce, kuma zubarwar ita ce rabin gwaninta. Ya koya min in fi ƙarfin hali in ni ce ta ƙarshen magana, tunda na riga na ga abin da kowa ya yi. Ya hana ni bin kartar da nake fata, ya ce in lissafa sau nawa take zuwa, ba sau nawa nake son ta zo ba. Bayan kowane zama mukan je shagon shayi ya sa ni in maimaita masa hannun da na ci da wanda na faɗi, kuma ya fi yi min faɗa a kan wanda na ci da sa'a. Fuskoki kuwa, a nan nake jin daɗina. Akwai mai haɗiyar yawu in yana ƙarya. Akwai wata 'yar Shanghai da ke gyara awarwaronta in ta samu abin kirki. Ina ganinsu yadda kike ganin launin ruwa ki ce akwai kifi.

Amma su ma sun gan ni. Karta ba ta da ƙaya, Goggo, na tambaya. Dole mai ita ya juya ta da hannunsa. Tun ranar mai zobe nake gudun kaiwa ƙarshe. Ko dai in tura da yawa don kowa ya gudu, ko in an bi ni in zubar da abin da ya fi nasu. 'Yar Shanghai ta fara ganowa, yanzu duk teburin ya sani. Sai su lallaɓa da ni har kartar ƙarshe, su tura, su jira in sallama. Ran nan 'yar Shanghai ɗin ta dube ni tana murmushi ta ce, "Ƙanwa, kartar taki amarya ce da ba a buɗe mata fuska?" Har mai rabo ya danne dariya.

Sifu bai yi dariya ba. Ya ce idona ya kai na gasa, lissafina ya kusa, amma ba zai sa sunansa a kan 'yar wasan da ba ta iya nuna abin da ta riƙe ba. Ya ba ni zuwa bikin wata.

Ina gwadawa a ɗaki. In ajiye karta a kan tabarma, in sa yatsa a gefenta, sai in gan ki tsaye a bayan jirgi kina riƙe da sitiyari. Ƙaramar karta, amma sai ta yi min nauyin katako jiƙaƙƙe. Na san wauta ce. Na sani a kaina, hannun ne bai sani ba. Har mafarki nake yi, wai teku duk ya zama karta a rufe, ina tafiya a kai ba takalmi, a ƙarƙashin kowace ina jin motsin ruwa.

Dole in fitar da jirgin nan daga hannuna, Goggo. In ban wanke shi ba, zan tsufa a bayan ma'aunin kifi.

'Yarki,
Sui-lin

*

Zhapo, ƙarshen hutun teku

Sui-lin,

Ina lafiya, ina fata kina lafiya.

Na karanta. Ban san jirgin ya zama dauɗar da ake wankewa ba. A cikinsa aka yanke miki cibiya, a cikinsa na ɗaure ki da igiya a kugu don kada ki faɗa ruwa kina rarrafe. Mutanen tudu sun daɗe suna toshe hanci in mun wuce, ban zaci zan ji shi daga alƙalaminki ba, siriri ne ko mai kauri.

Ki wanke. Makau ba ta rasa sabulu ba.

Za a buɗe teku jibi. Zan fita da sauran, wajen duwatsun kudu inda ƙaguwa take. Kada ki ƙara aiko man zafi, wanda ke nan ya isa.

Tai-hei

*

Makau, farkon watan takwas

Goggo ta Uku,

Ina gaishe ki, in kina inda gaisuwa za ta same ki. Wannan ce takarda ta uku tun bayan guguwa. Na buga wayar ofishin tasha, layin a mace yake. Na nemi izinin tafiya, uwar shago ta riƙe ni sai bayan biki. Ba na iya cin abinci.

Ba haka nake nufi ba. Na karanta taki a tsaye a bakin shago, kunya da baƙin ciki suka rufe ni har na kasa ba mai saye canjinsa. Yaushe zan ji ƙyamar jirgin da nake kwana a cikinsa kullum in na rufe ido? Tsoro nake nufi, Goggo. Ke nake gani a ƙarƙashin kartar. Abin da nake son wankewa ke nan, ba ke ba.

Amma na yi fushi da kika sa hannu da sunanki kawai, ba Goggo. Da fushin na tafi wasa ranar hutuna. A ciki ba a sanin abin da ke faruwa a waje, samanmu tana nan a la'asar ɗinta. Na samu sarauniya biyu, muka ja da 'yar Shanghai har ƙarshe, ta tura duk abin da ke gabanta tana kallon rufi. Ba ta taɓa awarwaronta ba. Na bi ta. Mai rabo ya ce a buɗe, na ce a raina tunda an ce in wanke bari in wanke, na juya su. Ba su da nauyin komai. Na cinye ta, Sifu ya buga tebur, ya ce sunana ya shiga gasa.

Da na fito sai na tarar gari ya yi baƙi da rana tsaka, an ɗaga alamar guguwa, ana ɗaure allunan shaguna. Rediyon motar haya yana lissafa inda za ta sauka, ya ambaci gaɓarmu. Na duba lokacin da aka ɗaga alamar, na duba lokacin da na juya kartar, sai na ga sun zo ɗaya. Kada ki ce min komai, na san abin da mai hankali zai ce.

Tun ranar ban taɓa karta ba. Na gaya wa Sifu ya ba wani kujerar. Ya ce zai riƙe ta har daren biki, daga nan ba ruwansa. Ya ce, "Iska ba ta san sunanki ba, yarinya." Na ce masa na sani. Na je ɗakin bautar Tin Hau na bakin ruwa na kunna turare, na yi mata alkawari in kina raye na bar wasan har abada. Shagon kifi ba mutuwa ba ne, mutane suna tsufa a cikinsa lafiya.

Ki rubuto ko layi ɗaya. Ko zagi ne.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi,
Sui-lin

*

Zhapo, ana saura kwana kaɗan bikin wata

Jatan Lande,

Ina raye. Ga layi ɗayan, sauran zagi ne. Gwiwa tana nan, ina cin abinci, ke ma ki je ki ci kafin ki ƙarasa karantawa.

Takardunki uku tare suka zo, don ruwa ya cinye hanyar gari an daɗe ba mota. Guguwar ta same ni a cikin tasha a ɗaure da igiya shida, ina cin gyaɗa. Ni da na ga jan gajimare tun kwana biyu kafin ta zo, kin zaci zan tsaya jiran ta a duwatsun kudu? Rumfar jirgi ce kawai ta tafi. Shirun farko kuwa fushi ne, ba na musu. Na karanta layinki da idon da mutanen tudu suka bar min. Yanzu na sake karanta shi da nawa.

Alkawarin da kika yi wa Tin Hau na je na warware. Na gaya mata yarinya ce ta yi shi cikin yunwa, kuma da raina aka yi cinikin ba a tambaye ni ba. Na kai mata lemo da kaza, mun rabu lafiya.

Na zauna a gaban jirgi da takardarki har ruwa ya janye ya dawo. Na so in rubuto miki cewa kin juya kartarki teku bai ko ji ba, ki ci gaba. Sai na tambayi kaina, da ni aka gaya wa haka zan yarda? Malaminki ya gaya miki, bai yi aiki ba. Na san hannun nan. Muddin akwai katakonmu a kan ruwa, duk ranar da kika kai yatsa gefen karta sai kin ɗaga kai kin duba sama, kuma taku samar ba ta faɗin gaskiya. Kowace damina da guguwarta. Wata rana ɗaya za ta same ni a waje, don haka teku yake, ke kuma ki ɗauka ke ce, ki ɗauki wannan har kabarinki.

Shekaranjiya da babban ruwa na shigo da jirgi har kan yashi, bayan rumfar masu gyaran koma. Na cire injin, na kwashe tukwane da gunkin Tin Hau da igiyar nan da nake ɗaure ki da ita. Na nemi mazan tasha su kama min, da suka ji abin da nake so kowa ya tuna yana da aiki. Sai na ɗauko wasu 'yan arewa, mutanen tudu masu ginin otal, waɗanda ba su san komai na al'adar teku ba. Suka tofa yawu a hannu, suka ɗaga gefe ɗaya. Maƙwabciyata ta rufe fuska da hula tana kiran sunana. Ni na sa kafaɗata tare da su.

Na kife shi, Sui-lin. Ga kalmar, na rubuta ta, alƙalami bai karye ba.

Ba zan ce miki ban yi kuka ba. Na yi, a gaban 'yan arewa, har ɗayansu ya ba ni sigari. Kada ki ce saboda ke kaɗai ne, gwiwar nan ta daɗe tana roƙona. Amma da don ita ce da na sayar da shi yana kan ruwa.

Yanzu yana nan a kan turaku, cikinsa ya zama inuwa. A ƙarƙashinsa nake zama ina ɗinke komar mutane, na kama ɗaki a bayan kasuwa, ƙasa ba ta lilo shi ya sa barci yake min wuya. Abin da ban yi tsammani ba shi ne idanunsa. Tun da ubanki ya zana su, kifi suke nema a ƙasa. Yanzu sama suke kallo. Jiya da yamma na jingina da shi muka kalle ta tare, tsuntsaye suna ta wucewa.

Ba sauran jirginmu a teku. Ki je wurin malaminki kafin daren biki ki karɓi kujerarki. In kin ci ki rubuto, in an cinye ki ma ki rubuto, amma da kartarki a buɗe za a cinye ki. Ita kuma mai awarwaron ki ce ina gaishe ta, amarya ta buɗe fuska.

Ɗazu na soya kifi a ɗakin nawa na tudu. Na cinye gefe ɗaya, na daɗe ina kallonsa da tsinke a hannu, sannan na ɗaga ƙayar kamar kullum. Nawa hannun ya tsufa a haka. Ke ki juya.

Ki aiko da man zafi, wancan ya ƙare.

Goggonki ta Uku